Wane Horon Ake Nufi?

Tsohon tela ya shekara talatin yana koyar da ɗinki, amma takardar da yake ba ɗalibansa, masana'antu ko kallonta ba sa yi. Makon jiya ma aka juyo da gwanar ajinsa daga bakin ƙofar wata masana'anta, wai makarantarsu ba ta da shaidar inganci. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Shi ya sa ya ture yadi daga teburin yanka, ya baje fom ɗin neman shaidar da littafin ƙa'idojin hukuma, ya rantse zai bi su layi-layi.

Kuma ya bi, bawan Allah. An ce baƙin biro, ya sayo baƙi. An ce kada amsa ta wuce layi goma, ya bi yana ƙirgawa da tsinin almakashi.

Da 'yarsa, malamar makaranta, ta biyo bayan an tashi, ya miƙa mata yana hura hanci.

"Duba, Uwata. Ko ɗigo ban tsallake ba."

Ta karanta tambaya ta huɗu: a bayyana irin horon da ake yi wa ɗalibai, tare da shaida. Ta karanta amsar. Sai dariya, har da riƙe ciki.

"Baba! 'Wanda ya makara ya share shago. Wanda ya karkata ɗinki ya farke ya sake, ko sau goma ne.' Horon koyarwa suke nufi, ba na hukunci ba!"

"To ba sai su faɗa ba? Horo ai horo ne."

Kunya ta kama shi har wuya, amma ya dake. Ita kuwa ta sake karantawa, dariyar ta lafa.

"Sharar dai mu cire. Amma farkewar nan ai ita ce koyarwar. Saura shaida."

Ya jawo durowar keke, ya tono wani ƙyalle da ya koɗe. Aljihun riga ne, duk hujin allura.

"Ɗinkinki na farko. Sau tara kika farke shi, kina kuka wai na tsane ki."

Ta karɓa, ta juya shi a hannu. Ba ta taɓa sanin ya ajiye ba.

"A saka a ambulan ɗin?" ta tambaya a hankali.

Ya yi wuf ya karɓe abinsa.

"A ɗauki hotonsa dai. Littafin ya ce kwafi ake turawa, ba na asali ba."