Kaset Huɗu Daga Fatakwal

Tun da Bappayo ya bi kamfanin mai zuwa Fatakwal, a shekarar da aka raba wa ma'aikata kuɗin Udoji, gidansa na Pantami bai sake ganin zaman lafiya ba. Matarsa ta riga ta rasu, sai 'ya'yansa biyu da kakarsu Uwa, wadda kunnenta ya yi nauyi. Bappayo bai iya rubutu ba, don haka magana yake ɗauka a kaset, ya aiko ta hannun direbobin tanka.

Bubayero, ɗan shekara sha bakwai, shi ke karɓa. Sai ya shige ɗaki da rikoda ya banko ƙofa, in ya fito ya ce wa ƙanwarsa Safiyyatu, "Baba na gaishe ki, ya ce ki dage da karatu." Shi ke nan fa. Safiyyatu kuwa ba kanwar lasa ba ce. Kullum sai an yi, ta ce masa mugu, ya ce mata fitsararriya, har ta taɓa fasa masa leɓe da muciya. Abin da take nema bai taka kara ya karya ba: ta ji ubanta ya kira sunanta da bakinsa. Ta rantse baƙin ciki yayan nata yake mata, don ita ce 'yar lelen Baba.

Wata Juma'a da Bubayero ya tafi masallaci, ta ɓalle kwaɗon akwatinsa, ta ƙunshe kaset huɗu a zaninta, ta nufi Herwagana gidan ƙawarta Hilda, inda akwai rikoda.

Muryar ta fito tas. Bappayo ya yi zancen yoyon ɗaki, ya tambayi tunkiyarsa ko ta haihu, ya gaida liman, ya gaida mai shayin bakin titi. Hilda ta juya kaset ɗin. Suka saurari na biyu, na uku, na huɗu, har tef ya ƙare. Ko sau ɗaya bai ambaci Safiyyatu ba. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin, kunya ta hana ta kallon Hilda.

Da ta dawo, ta tarar da Bubayero a tsakar gida, kwaɗon a hannunsa. Wannan karon bai ɗaga murya ba.

"Hamma," ta ce wa yayan nata, "gaisuwar da kake ba ni fa?"

"Tawa ce."

"Maganar karatun?"

"Ita ma ni ne. Duk kaset ɗin da na mayar masa sai na ce kina gaishe shi, ko zai tuna. Bai taɓa amsawa ba."

"Kuma ka bar ni shekara biyu ina tsine maka?"

Bubayero ya kau da kai.

"Gara ki tsine mini da ki tsine masa," in ji shi.