Ɗan Majalisa a Jana'izar Mijina

Aurèle Thibodeau yana neman komawa majalisa a Ottawa karo na huɗu lokacin da teku ya ci mijina Réjean a wurin kamun kifi. Ranar jana'iza ya shigo coci, mai ɗaukar hoto na biye da shi. Ya riƙe hannuna yana matse ido, ya ce, "Madam, Raymond aminina ne."

Na ce, "Réjean sunansa."

"To, ai shi nake nufi."

Kafin sati ya zagayo, hotonmu ya fito a takardun kamfen ɗinsa. Ya lashe zaɓen da rata mai yawa, har da ƙuri'ar ƙanwata. Ta ce, "Yaya, ko ba komai ai ya zo." Tun ranar ban ƙara cin abincin gidanta ba.