Goshin Malam Nasir

"Ɗago kai," in ji Malam Nasir. Ya buga wa yaron dusta a goshi, garin alli ya tashi. "Na gaba!"

'Yan aji biyar na wata firamare da ke Kabara sun yi layi a bayan ajinsu, duk wanda ya zo sai a mayar masa da goshi fari fat, ya wuce yana atishawa. Shugabar makarantar, Hajiya Luba, ta leƙo ta taga ta riƙe baki.

"Malam Nasir, 'yan waƙa na ce ka shirya mini, ko 'yan tashe?"

"Dabara ce, Hajiya. Kuɗi ba ya kama busasshen goshi."

Ta janye kanta daga taga, don ita ma ta san inda gizo ke saƙar.

Shekara da shekaru Malam Nasir yana roƙon a ba shi darasi guda a mako ya koya wa yara waƙa, ana ce masa lokacin na fareti ne. A zamanin soja in kantoma ya zo, sai ya tsaya ƙiƙam, a rera taken ƙasa, ya sara, ya shige mota. To, bana soja sun koma bariki, an zaɓi Alhaji Ɗanladi ciyaman, yana zagaya makarantu yana cewa duk abin da ya burge shi zai sa a ba shi gurbi. Da jin haka Hajiya Luba ta ara wa Malam Nasir darasin ƙarshe na ranar Alhamis, a gwada. In Ciyaman ya yaba yau, waƙa ta zauna. In bai yaba ba, a koma hagu-dama.

Wannan duk mai sauƙi ne. Ƙashin bayan maganar shi ne Gwani Bashir, shugaban iyayen yara, kakan Fanna mai ba da waƙa, yarinyar da in ta ɗaga murya har masu talla kan tsaya a bakin katanga. Gwani ya kira Malam Nasir zaurensa tun farko.

"Malam, mu daga Barno da allo muka shigo garin nan, ba da kalangu ba."

"Allah gafarta Malam, ai wannan ilimi ne. Yaro ya koyi riƙe numfashi, ya haɗa murya da ɗan'uwansa, ya tsaya gaban jama'a gwiwarsa ba ta rawa."

"Na ji. Amma ni abin da na sani, wanda ya buɗe baki gaban mai kuɗi aka manna masa takarda a goshi, sunansa maroƙi. Ran da kuɗi ya kama goshin Fanna, ko na wani yaro a unguwar nan, ran nan waƙa ta ƙare."

Malam Nasir bai ga laifinsa ba. Shi kansa jikan Larabawan cikin gari ne, gidansu turare suke sayarwa a kasuwar Kurmi tun kaka da kakanni, kuma har gobe mahaifiyarsa ce wa maƙwabta take yi lissafi yake koyarwa. Amma yana son ajin nan kamar ransa. Ga shi an ba shi labarin Ciyaman cewa ko mai tallan gyaɗa ya ji muryarsa ta yi daɗi sai ya sa hannu a aljihu. Shi ya sa ya zaɓi waƙar da ba sunan kowa a ciki, ba kirari, ba komai sai yanke farce. Shi ya sa kuma ya ɗauko dusta.

"Ku saurara," ya ce wa yaran. "In ya matso ku ci gaba da waƙa, amma ku kare goshinku. Kada wanda ya yi gumi."

"Malam, ya ake hana gumi?" in ji wani.

"Ka tuna randa."

An ce ƙarfe goma, Ciyaman bai iso ba sai da rana ta take tsaka, ga zafin bazara kamar a gasa gurasa a ƙasa. Sau uku Malam Nasir yana sake bin layi da dusta, har allin ajinsu ya ƙare aka aro na 'yan aji shida. Can sai ga motoci da 'yan rakiya, Alhaji Ɗanladi ya fito cikin babbar riga tana shan ƙasa. Aka zaunar da shi a rumfa. A gefe guda Gwani Bashir ya harɗe a kan buzunsa yana jan carbi, idonsa a kan jikarsa.

Ciyaman ya dubi yaran ya ce, "Hajiya, ƙyanda ce ta shigo makarantar?"

"Ado ne, ranka ya daɗe."

Malam Nasir ya ɗaga hannu, Fanna ta ɗauka:

"Yanke farce, wanke hannu,
Kada ƙuda ya ci tuwo da kai."

Yaran suka amsa, murya ta hau kan murya, ba wanda ya riga wani. Daɗi ya kama Malam Nasir har ya manta da komai. Da ya waiga, sai ya ga Ciyaman yana kaɗa kai, sannan ƙafa, sannan ya miƙe tsaye hannunsa a aljihu.

"Kai! Wannan waƙa da ni take!" in ji Ciyaman. "Ƙudan nan ai 'yan adawa ne!"

Ya zaro sababbin takardun naira ashirin, ya manna wa yaron farko. Takarda ta zame ta faɗi. Ya manna wa na biyu, ta faɗi. Ya juya takardar ya duba, ya dubi mai riƙe masa jaka.

"Sule, a wane banki ka karɓo waɗannan?"

Ya ƙara matsawa, yara suka shiga kauce-kauce, wannan ya sunkuya, wancan ya karkace, bakinsu bai daina waƙa ba. Jama'a suka ɗauka rawa ce aka koya musu, suka hau tafi. Ciyaman kuwa abin ya fara taɓa shi, don mutum ya ci zaɓe a ce kuɗinsa ya ƙi zama a goshin ɗan firamare gaban mutanensa, ai da kunya. Fuskarsa ta soma haɗewa. Malam Nasir ya ga haka ya san cewa in mutumin nan ya tafi da fushi, an koma fareti.

Sai Ciyaman ya nufi Fanna. Ita ba ta iya kaucewa, ita ke ba da waƙa, kuma ita ta fi kowa wahala. Gumi ya wanke allin tas, goshinta yana ƙyalli. Ciyaman ya lashi yatsa ya zaro takarda. A gefe, carbin Gwani ya tsaya.

Malam Nasir ya tuna mahaifiyarsa, ya tuna rumfar turarensu da masu bakin tsiya na layin. Duk da haka ya yi tsalle ya faɗa tsakani, ya ture hularsa baya, ya miƙa wa Ciyaman sanƙonsa da tun safe yake tsiyaya.

"Ranka ya daɗe, ni na koya musu!"

Takarda ta kama ɗaram. Ciyaman ya washe baki, ya ƙara wata, ya ƙara wata, har sai da Malam Nasir ya daina ganin gabansa. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Ta cikin takardun ya ji ana sanarwa a lasifika cewa daga yau waƙa ta zama darasi, kuma Ciyaman ya naɗa shi Sarkin Waƙar ƙaramar hukuma. Daga bakin katanga wani ya ƙwala, "Sai Sarkin Maroƙa!" Ya gane muryar, maƙwabcinsu ne a Kurmi. Kafin la'asar labari ya isa gida ke nan.

Bayan motoci sun tashi, Hajiya Luba ta sa aka share kuɗin ƙasa da tsintsiya, ta ce wanda ya faɗi gudummawa ce ba liƙi ba, za a sayi alli. Malam Nasir ya ɓamɓare na kansa ya zuba mata, saura guda da ta maƙale a saman gira bai sani ba.

Gwani Bashir ya naɗe buzunsa ya tako a hankali. Ya kama haɓar Fanna ya duba goshinta, ya saki. Sannan ya sa yatsu biyu ya cire takardar daga goshin Malam Nasir.

"Na san kakanka," ya ce. "Mutum ne da ko tari ba ya yi a gaban jama'a."

"Haka ne, Allah gafarta Malam." Kunya ta hana shi ɗaga ido.

"Alhamis ka ce ko? Za ta zo."

Gwani ya dubi takardar, ya nemi inda zai ajiye ta. Ba zai sa a aljihunsa ba, ba zai ba jikarsa ba, ba zai yar da ita ba. Sai ya mayar da ita inda ya same ta, ya danna da babban yatsa har ta zauna, ya juya ya tafi.

Har yau mutanen Kabara suna musu ko wannan liƙi ne. Malam Nasir dai a ranar bai cire takardar ba. Ya gyara hula, ya juya ga yaran, ya ɗaga hannu.

"Fanna, daga farko. Kun ci baiti guda wajen gudu."