Kashin Ƙuda a Shafin Farko

Kwana arba'in da rasuwar Master Inayat, 'yarsa Nuzhat ta kinkimi gwajin bugun littafinsa ta nufi maɗaba'ar da ke lungun Urdu Bazar a Lahore. Littafin Turanci ne, a kan tsofaffin rijiyoyin birni. Shekara shida tana buga masa shi a tafireta, don idonsa ya yi rauni, har ranar da gajiya ta sa ta ce masa wa zai karanta labarin rijiyoyin da suka ƙafe. Baki shi ke yanka wuya. Ta bi mijinta Karachi, tsohon ya yi gum, shekara biyu ko wasiƙa.

Abin da ke cinta yana shafin farko. Mahaifin ya rubuta cewa littafin na Nuzhat ne, wadda ta zame masa ido, sannan ya ja layi ya soke, tun daga sunan har ƙarshe. Yana fushi da ita ya bar duniya ke nan.

Mai gyaran rubutu na maɗaba'ar, Chacha Barkat, wanda ya daɗe da sanin Master, tsoho ne ɗan firit, tabarau biyu a hanci, ɗaya kan ɗaya. Ya sa aka kawo shayi, ya yi mata ta'aziyya, ya ja takardun gabansa. Nuzhat tana jin Turanci kamar ruwa, amma ƙugiyoyi da ƙahonnin alamomin gyara da uban ya cika gefen shafuka da su, wallahi ko ɗaya ba ta sani ba. Shi kuwa Chacha Barkat karanta su yake tamkar wasiƙar aboki. Wannan mai lanƙwasasshiyar jela, a cire. Wannan mai kamar rufin bukka, a cusa kalma. Wannan mai kamar maciji, na gaba ya koma baya. Har ya nuna mata inda Master ya tashi sallah ya dawo, wai tawadar ta bushe a bakin alƙalami, ga alamar ta fito koɗaɗɗiya. Ta saki baki tana kallonsa. Shekara hamsin mutumin nan yana wannan aiki a ɗaki mai warin tawada, ita ko sunansa ba ta taɓa ji ba.

Ta daure ta ce a buga yadda Abbu, mahaifinta, ya bari, a cire shafin farkon kamar yadda ya so.

Chacha Barkat ya juyo shafin, ya daɗe a kansa. Ya tambaye ta ɗige-ɗigen nan na ƙarƙashin layi fa, me ta ɗauke su. Ta ce kashin ƙuda mana, takardun sun kwana biyu a kan kabad.

"Ƙudan gidanku sun yi makaranta ke nan, beti, 'yata," in ji shi. "Ga su a jere kamar sahun Juma'a."

Ya murza da babban yatsa, ɗigo ɗaya ya yi baƙi-baƙi. Fensir ne. Ya ce a sana'arsu ba a goge abin da aka soke. In mutum ya soke magana ya yi nadama, sai ya bi ƙarƙashinta da ɗigo, duk mai haɗa haruffa ya gani ya san an ce a bar ta yadda take. Layin sokewar da tawada aka ja shi, hannu ɗaya, da ƙarfi har takarda ta kusa hujewa. Fensir kuwa Master bai fara riƙe shi ba sai bara, da hannunsa ya soma rawa.

"Ɗigo uku ko huɗu sun wadatar," ya ce a hankali. "Mahaifinki harafi harafi ya bi. Mutumin da ba ya ganin kofin shayin gabansa."

Ta sunkuya ta ƙirga, ba harafin da ya tsallake, wasu ɗige-ɗigen sun karkace sun hau layi. Allah mai iko, wata nawa takardar nan tana jiran wanda ya iya karanta ta.

Tsohon ya ce ƙa'ida ce ba a tura shafi inji sai wani ya karanta da ƙarfi, har waƙafi da aya, shi yana bi da alƙalami. Mai karanta masa ya tafi cin abinci. Ya miƙa mata shafin.

Ta karanta sunanta, ta ce waƙafi. Daga nan murya ta ƙi. Chacha Barkat ya ajiye bakin alƙalaminsa a kan waƙafin, yana jiranta.