Gwiwar Malam Mahfuzu

Malam Mahfuzu ya durƙusa a gonarsa da ke bayan Pitowa, ya tona rami da yatsa ya ciro ƙwayar masara. Ta tsiro, ta kuma mutu a cikin ƙasa. Ya tona na biyu da na uku, duk haka. A rami na tara ya sami wadda ke da sauran ɗan kore. Ya miƙe da ita a tafin hannu, ya ce alhamdu lillahi, shuka na nan da ranta.

Kwana goma sha huɗu ke nan da ruwan farko, kuma tun ranar ko yayyafi ba a yi ba. Ya yi shuka ne domin gwiwarsa ta hagu ta yi tsami, ita ce kuwa ke sanar da shi damina shekara ashirin. Yana iya jera shekarun da ta faɗi gaskiya, har da ranakun. Sauran shekarun, kamar yawancinmu da muka haura hamsin, Allah ya rufa masa asiri ya manta su.

Eugène, maƙwabcinsa na gona, mutumin Poli, bai shuka ba tukuna. Ya tsayar da babur a bakin hanya, suka gaisa da Fulatanci, jam na, jam, sannan ya nuna masa waya: masu hasashen yanayi sun ce kwana goma babu ruwa a yankin Garwa. Mahfuzu ya ce mutanen da ke zaune a ofis da na'urar sanyi ba su san sama ba. Eugène ya tuna masa cewa makon jiya, da wayar ta nuna hoton hadari, shi ne ya karɓe ta ya zagaya majalisa da ita.

"Ranar ai ta faɗi daidai."

"Ba a yi ruwan ba fa, Malam."

"Ba a yi a nan ba. An yi a Bibemi."

Wani direba ne ya faɗa masa haka. Wasu direbobi uku sun ce Bibemi a bushe take, amma waɗannan yara ne masu gudu, ba sa duba gefen hanya.

A hanyar gida ya ga tururuwa na kwasar ƙwai, ya ga shamuwa biyu a kan kuka. Ya bi ta gefen tafkin da ya tsattsage, amma a daidai lokacin sama yake kallo.

Ya sami matarsa Mairamu tana tankaɗe, ya ce ta ɗauko masa irin da ke cikin tulu. Kwano biyu ne, ta gauraya da toka ta liƙe baki, kuma bayansa babu sauran iri a gidan. Zai yi binne yau a busasshiyar ƙasa, in ji shi, domin ruwa ba zai wuce jibi ba.

Mairamu ta ce a bari ruwan ya sauka ya jiƙa ƙasa, iri ba gudu zai yi ba. In aka binne aka yi ɗan yayyafi ya tsiro ya ƙone, bana sai dai su ga masara a gonar wasu. Ta tuna masa bara waccan, da suka shuka sau uku. Ya ce wannan shekarar gwiwar dama ce, shi ne ya yi kuskuren sauraronta.

"Malam, gwiwar nan kullum ciwo take. Rani da damina."

"Na rani daban ne. Ni ke jin abina."

Ta daɗe tana kallonsa. Ba mutumin banza ba ne, ba ya zagi, ba ya yawo. Ta shiga ɗaki ta fasa liƙin.

Daga azahar zuwa bayan la'asar yana sara yana jefawa yana takewa, ƙasa na ƙona masa tafin ƙafa. Eugène ya dawo daga kasuwa, ya ce masa ya rage ko da rabin irin ne. Mahfuzu ya ce ran da ruwa ya sauka, wasu za su yi da na sani, ba zai kama suna ba.

Da yamma ya zauna a tsakar gida ya miƙe ƙafa. Sama fes, daga gabas har yamma. Ya lanƙwasa gwiwar, ya miƙe ta, ya danna da babban yatsa. Ta daina ciwo gaba ɗaya. Ya ƙara dannawa, ya yamutsa fuska. Can sai fuskarsa ta saki.

"Mairamu, ta lafa. Haka take yi in ruwan ya matso sosai."

Mairamu ta ce to. Ta ɗauki mayafi ta nufi gidan Eugène, don ta roƙi matarsa Georgette ta sa sunanta cikin masu yi musu ƙodago bana, tun kafin a cika.