Yatsan Gwaggo

Tun ranar da aka ɗora masa kula da rumfar zaɓe, Malam ya daina zaman hira a ƙofar gida, don kada a ce an ji bakinsa ya karkata. Da ranar ta zo, ya jera tebura a barandar makarantar da yake koyarwa, ya sa akwati a tsakiya inda kowa zai gani. Wakilan jam'iyyu biyu, na masu tsani da na masu kwando, ya zaunar da su a benci ɗaya. Aiki na tafiya lami lafiya har rana ta ɗaga.

Sai ga Gwaggo, yayar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi tun yana rarrafe. Idonta ya yi rauni, sanda ce jagorarta. Mutanen layi suka dare mata.

"Ina yaron nan? Zo ka kama yatsana ka dangwala mini. Ai ka san wanda nake so."

 Malam ya sani kuwa, unguwa duka ta sani. In ya bi ta bayan labule, kafin la'asar za a ce malamin zaɓe na dangwala wa mutane, duk ƙuri'ar da ke cikin akwatin nan ta zama abin zargi. In kuma ya ƙi, ya kunyata uwa a bainar jama'a.

Wakilin masu tsani ya yi wuf ya miƙe. "Iya, kawo in taimaka miki."

"Zauna," in ji Malam, ko kallonsa bai yi ba. Ya zagayo ya durƙusa a gabanta. "Gwaggo, ki yi haƙuri. Yau hannun nan na jama'a ne, ba zai taɓa takardar kowa ba. Ki zaɓi wanda kika yarda da shi a layi ya shiga da ke, ban da ni, ban da waɗannan biyun."

"Iye! Hannun da na koya wa kai loma baki?"

Aka kwashe da dariya. Malam bai yi ba, bai kuma tashi ba.

Gwaggo ta juya sandarta a hannu. Can ta ɗaga murya: "Tela tana nan?"

Tela maƙwabciyarta ce, 'yar kwando ce ta gani kashe ni. Kullum sai sun yi musun siyasa ta kan katanga.

"Ga ni, tsohuwa. Ba kya tsoron in kai yatsan naki kan kwando?"

"Rashin kunya dai kin iya, amma ban taɓa kama ki da ƙarya ba. Mu je."

Suka shiga bayan labule, suka fito. Gwaggo ta lalubi bakin akwati ta jefa takardarta da kanta. Wakilan nan biyu suka gyaɗa kai.

Da za ta wuce, ta dungure wa Malam kai da yatsan nan mai tawada, har hularsa ta karkace.

"Taurin kai irin na ubanka. In ka tashi ka biyo ta gida, na ajiye maka abinci."

Malam ya gyara hula, ya koma kujerarsa da shuɗin tabo a goshi, zuciyarsa wasai.

"Na gaba," ya ce.