Harshen da Za a Kira Ta da Shi

Fensirin ya ƙi zama a hannun Inna Huyen. Shekara talatin da ɗaya tana ɓare jatan lande a masana'antar bakin teku ta garin Biloxi, aikin ya tanƙware mata yatsu har ba abin da suke riƙewa da kyau sai wuƙa da tsinken cin abinci. Ta damƙe shi kamar mai shirin soke wani, ta ɗaga kai ta dubi allo.

Su tara ne a ɗakin taro na haikali, wurin ibadarsu, duk Asabar da safe, kuma ƙaraminsu ya ba sittin baya. Malam Khoa, tsohon ma'aikacin gidan waya da ya ɗora wa kansa koya wa tsofaffi Turanci, ya jera kalmomi a allon, kowace da 'yar'uwarta a gefe.

"Yau za ku ji daɗi," in ji shi. "Yau Turawa sun shigo gonarmu. Su ma suna ninka kalma kamar yadda muke yi. Wannan, so-so, ita ce ba yabo ba fallasa. Bye-bye kuwa ko jinjiri ya san ta. Again and again, a yi, a sake yi, a kuma yi. Little by little, sannu-sannu ke nan."

Yaya Nam, wadda ke zaune kusa da Huyen tana fifita da littafinta, ta ce, "Ashe su ma suna yi! Shekara arba'in suna cika mana baki, sai ka ce harshensu da ƙarfe aka ƙera shi."

Aji ya kaure da dariya. Nan take tsofaffi suka ga banza ta faɗi, kowa ya kama ninka duk kalmar da ya sani. Tun da a harshensu ana cewa ja-ja ga abin da bai cika ja ba, me zai hana a Turanci? Wani tsohon matuƙin jirgin kamun kifi ya ɗaga hannu ya sanar cewa shayin haikali hot-hot ne, matarsa kuma old-old. Malam Khoa ya dafe kai.

"Haba, Kawu! Ba haka ake yi ba. Nasu ƙidayayyu ne, sai wanda suka ninka da kansu. Ku dai haddace waɗannan, sauran za su zo. Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba," in ji Huyen, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Maganarta ta farko ke nan a ajin tun da ta shiga wata biyu da suka wuce, kuma shigar tata har yanzu ba a gama mamakinta ba. Huyen ce fa, wadda ta yi shekara arba'in da 'yan kai a ƙasar nan ba ta nemi Turanci ba, shi ma bai neme ta ba. Kasuwarta ta 'yan ƙasarsu ce da suka yi hijira tare, haikalinta ma nasu ne, asibiti akwai tafinta. Ita ce ke cewa masu Turanci suna magana kamar da shinkafa mai zafi a bakinsu. To, me ya kawo ta gaban allo tana da saba'in da huɗu?

Bayan an tashi, Yaya Nam ta tare ta a bencin da ke gindin bishiya a harabar haikali. Tare suka yi aikin jatan lande a teburi ɗaya, don haka ba ta san wani kewaye-kewaye da ita ba.

"Ke, Huyen, faɗa mini gaskiya. Wani tsohon Bature kika samu?"

"Yaya Nam, ki ji tsoron furfurarki."

"To mene ne? Kin rame, kina hawa matakala uku kina tsayawa. Ina da ido."

Huyen ta gaya mata, idonta a kan yatsunta. Zuciya ce. Likita ya ce zuciyar ta gaji, kuma ba aikin da za a yi mata. Tafinta ya so ya sassauta maganar, amma Huyen ta ga fuskar likitan, fuska kuwa ba ta bukatar tafinta. Wataƙila ta ga sabuwar shekara, wataƙila ba ta gani ba.

Yaya Nam ta ajiye littafin da take fifita da shi. "Kuma a 'yan kwanakin da suka rage miki, abin da kika ga ya dace ki yi shi ne so-so da bye-bye?"

"In na tafi, wa zai kira ni?"

Ba sai an yi wa Yaya Nam bayani ba. Mijin Huyen, Tuong, shekararsa goma sha ɗaya da rasuwa. Ɗansu tilo, Toan, teku ta ci shi tun kafin nan, matarsa Baturiya ta ɗauki 'yarsu Lacey tana 'yar shekara huɗu ta koma wurin danginta a jihar Tennessee. Sai bara yarinyar ta dawo, budurwa mai shekara ashirin da uku, tana karatun jinya a garin Mobile. Duk Lahadi takan zo da motarta ta zauna a ɗakin girkin kakarta, su ci abinci, su yi ta yi wa juna murmushi da nuni da hannu. Goshin Toan ne da ita, da tafiyarsa. A harshen ubanta kuwa ba ta da komai sai Ba Noi, sunan da take kiran kakarta da shi.

"Ita kaɗai ta rage mini," in ji Huyen. "Ranar tunawa da ni za ta dafa abinci, za ta kunna turare. Na san za ta yi, yarinyar tana da zuciya. Amma da Turanci za ta kira ni. In ban gane ba fa? In zo in tsaya a bakin ƙofa, abinci yana hucewa, ban san da ni ake ba? In ƙare cikin matattun da ke yawo da yunwa don ba mai kiransu, waɗanda ake zuba wa kunu a bakin titi a watan bakwai?"

"Ai sai ki koya mata namu."

"Na gwada. Harshenta ya riga ya bushe. In ta ce shinkafa, sai in ji kamar tana zagin wani."

"Naki ne ɗanye, ko?" Yaya Nam ta yi tsaki, amma muryarta ta sauka. "Matattu suna jin kowane harshe, Huyen."

"Wa ya dawo ya gaya miki?"

Yaya Nam ta matso kusa da ita. Ta kama hannun ƙawarta ta riƙe, suka zauna har masu shara suka gama share harabar.

Huyen ta yi karatu iyakar ƙarfinta. Ta sa Malam Khoa ya rubuta mata kalmar zo, da kalmar ci, da kalmar zauna, ta liƙa su a jikin firji. Kowace safiya, in ta canja ruwan da ke gaban hotunan Tuong da Toan, takan karanta musu darasin jiya. Tuong yana kallonta daga cikin hoton da fuskar nan tasa ta mutumin da bai yarda ba, wanda har ya mutu bai san Turancin da ya wuce na sayen man jirgin ruwa ba.

Sai dai Turancin allo dabam, na bakin Lacey dabam. A allo kalmomi suna tsaye kowace a wurinta, suna jira. A bakin yarinyar kuwa gudu suke yi kamar ruwan famfo, kafin ka tara hannu sun wuce. Ninkakkun nan kaɗai Huyen take iya kamawa, don su sau biyu suke zuwa: ta farko ta wuce ka, ka cafke ta biyu. Wata Lahadi ta ji Lacey ta ce so-so a waya, ta yi murna har ta ƙara mata kifi a kwano. Amma abin da ya zo kafin kalmar da abin da ya biyo bayanta, oho. Tsoro ya zauna mata a ƙirji, kusa da ciwon.

Ranar tunawa da Tuong ta faɗo a watan tara. Tun asuba Huyen take tsaye a ɗakin girki, tana yi tana hutawa. Kifi a tukunyar ƙasa, miya mai tsami, dafaffiyar kaza, jatan lande da gishiri da barkono yadda yake so. Kafin sha ɗaya an jera komai a teburin magabata, gaban hotunan nan biyu, da ƙananan kwanukan shinkafa da kofunan shayi. Yaya Nam ta zo, Malam Khoa ya zo, da maƙwabta uku. Lacey ta iso da lemo a leda, ta cire takalma a ƙofa.

Da lokacin kira ya yi, kowa ya ja baya don uwargida ta matso, kamar yadda ta yi shekara goma. Huyen ta kunna tsinken turare uku, ta kaɗa hannu wutar ta mutu, sannan ta miƙa wa jikarta.

"Malam, gaya mata bana ita za ta kira shi."

Malam Khoa ya gaya mata. Yarinyar ta zaro ido, ta yi magana da sauri tana girgiza kai.

"Ta ce ba ta san kalmomin ba, Inna. Tana tsoron kada ta ɓata."

"Ta yi da nata harshen. Kakanta ne da ubanta, ba alƙalai ba ne. Kai kuma, Malam, kada ka fassara mini ko kalma ɗaya."

"Inna, ai ba wahala…"

"In waccan ranar ta zo, ba ka nan," in ji ta.

Malam Khoa bai gane ba, amma ya bi umarninta. Yaya Nam ta gane sarai, don ta ga inda Huyen ta nufa. Huyen ba ta tsaya cikin masu rai a bayan yarinyar ba. Ta zagaya ta jingina da bango a gefen teburin, daidai inda hoto na uku, nata, zai zauna, ta haɗa hannuwa ta rufe ido.

Lacey ta durƙusa, ta ɗaga turaren daidai goshinta yadda ta ga ana yi. Da farko muryar a ɗarare take, kalma ɗaya, shiru, kalma biyu. Sannan ta saki jiki, maganar ta kama gudu.

Huyen ta kasa kunne da duk abin da ya rage mata na ƙarfi. Ta nemi kalmar zo, ba ta ji ta ba. Ta nemi kalmar ci. Wataƙila sun wuce, wataƙila ba a faɗe su ba. Can a tsakiya again and again ta gifta, ta cafke ta, amma me ake yi a sake yi? Kewa ce, ko neman gafara, ko mafarki? Ta riƙe kalmar ita kaɗai, ba ta san inda za ta ajiye ta ba. Wata huɗu na fensir da takardun jikin firji, ga abin da suka saya mata. Baƙin ciki ya rufe ta. Haka zai kasance ke nan: duhu, ƙamshin kifi da turare, da wata murya tana zuba a can nesa da ita.

Ta daina neman kalmomi, don ta gaji.

Muryar ba ta tsaya ba. Ta yi ƙasa, ta karye a wani wuri, yarinyar ta ja hanci ta ci gaba. Yanzu a hankali take fita, da ɗan hawa a ƙarshen kowace magana, irin na wanda ya buɗe ƙofa ya riƙe yana jira a shigo. Akwai roƙo a ciki, akwai kunya, akwai wani abu kamar fushin yaron da aka bari shi kaɗai ya daɗe. Huyen ta ji tausayi ya kama ta har cikin hanji. Wa zai bar mai wannan muryar tana jira?

Wani abu mai laushi ya taɓa yatsunta. Ta buɗe ido.

Ba a jikin bango take ba. Tana tsaye a tsakiyar ɗaki, a gefen jikarta, tanƙwararrun yatsunta a kan kafaɗar yarinyar. Ba ta san lokacin da ƙafafunta suka yi takun nan huɗu ba. Lacey ta ɗago jiƙaƙƙiyar fuska ta dube ta, turaren yana hayaƙi a hannunta.

Yaya Nam ta share ido da bakin rigarta, ta gyara murya.

"Ke, ina za ki? Ba ke ake kira ba tukuna."

Huyen ta sunkuya. Ta kama wuyan hannun yarinyar, ta nuna mata inda ake soka turaren a cikin toka.